Tsamiyar da Buwai Ya Matsar

Buwai bai taɓa shiga makarantar zane ba. A bakin titin Bacirawa ya koyi riƙon buroshi, yana rubuta wa manyan motoci kirari a goshi, a baya kuma ya zana musu kogi da duwatsu. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a, har sitika ta zo ta kashe kasuwar.

Zane ɗaya ne bai taɓa yi wa kuɗi ba: gonar gidansu, da fentin mai a kan katako. Dawa ta fid da kai, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ga rijiya, ga tsamiya tsaye ita kaɗai. Babu mutum a ciki, amma duk wanda ya kalla sai ya ji kamar yanzun nan wani ya bar wurin. A gindin tsamiyar aka binne mahaifiyarsa, tun danginsu ba su fara zuwa coci ba. Duk damina sai ya sauko da zanen ya ƙara masa fenti.

Gari ya cinye gonar. Aka sare tsamiyar, aka yanka fuloti. Wanda ya sayi wurin, wani tela mai suna Kamaruddeen, ya zo da kansa ranar da za a haƙa tushen gini.

"Baba, an ce akwai kabari. Ni ba zan kwana a kan uwar wani ba. Nuna mini in kewaye shi."

Buwai ya tsaya bakin tsohuwar rijiyar, zanen a hannu, yana auna taku da ido. Sai ya dakata. Ya tuna wata shekara ya matsar da tsamiyar hagu a cikin zanen, don ta tare masa hadari. Wata shekarar kuma ya mayar da ita, ko dai bai mayar ba?

Ya karɓi wuƙa a hannun magini ya shiga kankare fentin zanen. Dawa ta zube, sama ta zube. Kututture uku suka fito jere, fenti ya cakuɗe, ba a gane na sama da na ƙasa.

"Wacce ce ta gaskiyar, Baba?"

"Duk ni na dasa su," in ji Buwai. Ya nuna ta tsakiya.

Kamaruddeen ya kewaye wurin da bulo. Gida ya tashi. Buwai kan zo bayan la'asar ya durƙusa gaban bulon ya ce, "Inna, ina wuni." Sannan ya juya ya gaida bangon ɗakin girki, ya gaida na shago, inda sauran tsamiyoyin biyu na zanen suka faɗo.