Girar Hagu

Ranar Talatar nan Badiyya ta tashi da rawar kanta kamar kullum. Ƙarfe bakwai tana tsakar gidansu a Agege, tana tsaga ɓawon ayaba da allurar zane, wai hannu take ɗumamawa. Haka ta koyi sana'ar bayan ta bar makarantar jinya a shekara ta biyu: ayaba, sai fatar roba, sannan mutane. Gira take zanawa, irin wadda ba ta wankuwa. Akan tsaga saman fata siriri kamar gashi, a cusa launi. Yawancin masu zuwa wurinta matan da maganin ciwon daji ya kaɗe wa gashi ne, a layin asibitin Idi-Araba suke jin labarinta.

Ƙarfe tara ta tare mahaifiyarta, Malama Mairama, a bakin ƙofa. Rabin girar Mairama ta hagu tabo ne, tun da man suya ya fallatsar mata shekara ashirin da suka wuce.

"Mama, yau ba inda za ki. Malamin unguwa ma ya ce gyaran tabo daban, ado daban."

"Ke da ba ki iya zaman minti biyar ba zan miƙa wa fuskata?"

"Oya, kwanta. In ta ɓaci sai ki riƙa jan mayafi."

Ƙarfe goma ta shafa mata maganin kashe zafi, ta auna da zare daga gefen hanci zuwa wutsiyar ido. Sau uku tana haɗa launi. Ta ce baƙi zalla yakan koma shuɗi-shuɗi a fatarmu, sai an ɗiga masa ja. Ta rubuta haɗin a ɗan kati. Mairama tana jin ƙaras-ƙaras ɗin allura, tana jin numfashin 'yarta a goshi. Ba ta taɓa ganin yarinyar nan ta natsu haka ba. Sha biyu da rabi aka gama.

"Kada ki ɓare ɓawon, Mama. Bayan sati shida zan sake bi, in ba haka ba zai koɗe."

Ƙarfe biyu Badiyya ta ci rabin dafa-duka a tsaye, ta fita, ta dawo ɗaukar waya, ta sake fita sayen safar hannu a Iyana Ipaja. Wajen ƙarfe huɗu motar haya, danfo, da ta shiga ta ƙwace wa direba. A haɗarin ta rasu. Shekararta ashirin da shida.

Ana cikin karɓar gaisuwa ɓawon ya zube. Sati shida ya cika, ya wuce. Mairama ta kasa zama wuri ɗaya: daga ɗaki sai madubi, daga madubi sai bakin taga inda haske ya fi. Layi talatin da ɗaya ne, ta ƙirga. Ta daina sa wa wurin sabulu, ta daina shiga rana ba lema. Duk da haka wutsiyar ta soma dusashewa.

Mouna, 'yar Nijar da suka koyi aikin tare da Badiyya, ta lura da ta zo duba ta.

"Mama, ki bari in bi miki. Awa ɗaya ce. A kan sawunta zan ɗora daidai."

"In kin ɗora, hannun wa zan riƙa gani?"

Sau biyu Mairama ta hau mota har Mushin, ta tsaya a ƙofar shagon Mouna, ta juyo.

Bayan wata biyar ta fito da kayan Badiyya. Tufafi ta raba wa 'yan'uwa. Gadon naɗewa da fitila da allurai da kwalaben launi ta ba Mouna, da sharaɗin ta ƙarasa wa mata huɗu na Idi-Araba da ke jiran bi na biyu. Mouna tana jera katunansu sai ta ɗago ɗaya. An rubuta: Mama, ruwan ƙasa uku, baƙi ɗaya, ja ɗigo.

"Wannan fa, yaushe za ki zo?"

Mairama ta karɓa, ta zura shi a gidan tabarau.

"Wannan an gama aikinsa," ta ce.