Rubutun da ke bakin kwali

Shekarar da ruwa ya kwana biyu yana zuba har ya kayar da rumbunan unguwarmu a Korgom, ita ce shekarar da Allah ya karɓi ran yayana Isufu. Bana shekara sha huɗu ke nan. Allah ya jiƙansa.

Yaya ma'aikacin kiwo ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura, abin ɗaukar hoto rataye a wuyansa. Hotunansa ba na takarda ba ne. Diyapo ake ce musu, ƴan ƙananan hotuna a kan leda mai kauri waɗanda ake haskawa a bango. In an wanko masa su daga birni, a naɗe suke zuwa, dogon tsiri guda. Sauran aikin a gida yake yi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya wanke hannu tas, ya yanka hotunan ɗaya bayan ɗaya da almakashi. Ya ninka kwalin sukari, ya huda taga a tsakiya da reza, ya sa hoton, ya manne da ƙaro. Gefe kawai yake kamawa, yatsa ba ya taɓa fuskar hoton. Daga ƙarshe ya yi rubutu da bik a bakin kwalin.

Ni manomi ne, ban shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Nakan ce, "Yaya, kaza ce ta bi ta kan kwalin nan?" Sai ya ce, "Miƙo ƙaron nan dai, sarkin surutu."

Bayan rasuwarsa akwatin hotunan ya dawo hannuna. A damina ta uku na buɗe, na tarar gara ta shiga. Na zauna na ɓare duk kwalin da ta taɓa, na goge hotunan da tsumma mai laushi, na jera su a gwangwani. Kwalayen kuma na cusa su a murhu don kada garar ta yaɗu. Har ina jin daɗi na ceci aikin Yaya, don a ganina hoton shi ne abu, kwali riga ce kawai.

Shekara uku da suka wuce na shiga karatun manya. Kaina ba ya kamawa da sauri, amma ba na fashi. Da na fara haɗa baƙi, sai na ɗauko ɗaya cikin kwalayen da suka tsira, na yi ta fama da shi tun azahar har la'asar: "Ja'e ɗan Bello, Hawandawaki, rijiyar gabas." Na ɗauko wani, shi ma suna ne da gari. A nan na san abin da na ƙona.

Tun daga lokacin nakan tafi kasuwar Urafane da gwangwanin, in riƙa ɗaga wa tsofaffi hotunan a saitin rana. Yawanci girgiza kai suke yi. Wata rana wata tsohuwa mai sai da nono, Inna Dije, ta ƙanƙance ido ta ce, "Fuska kamar ƙwayar gero, ina zan gane ta, Malam?" Zan mayar da hoton ke nan ta riƙe mini hannu. "Tsaya. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta babanmu ce. To ai shi ne wannan mai malafa." Ta daɗe tana kallo, masu sayen nono na jira. Sannan ta ce, "Rubuta Buba. Ka iya kuwa, ko sai gobe?" Na ce na iya, amma a hankali. A gida na yanka masa sabon kwali yadda Yaya ke yi.

Nakan yi tunanin abin da Yaya zai ce da yana raye yau. Kowa da salula, ana ɗaukar hoto goma kafin shayi ya nuna. Na san zai so saurin. Amma na san zai tambaya wa ke rubuta sunayen.

Ban gaji iliminsa ba, hannunsa na gada, da haƙurin zama a tabarma. Tsofaffin da za su gane sauran mutanen kuwa suna raguwa kowace shekara. Inna Dije ma ta rasu bara.

Hoto ɗari biyu da sha shida Yaya ya bari. Saba'in da ɗaya suna nan da rubutun hannunsa. Ashirin da uku na samo sunayensu a kasuwa. Ɗari da ashirin da biyu suna cikin gwangwani, ba suna.