Ƙullin Yusha'u Bahago

A tashar manyan motoci ta Tsafe akwai masu dako, akwai 'yan kamasho, akwai masu zaman benci da ke koya wa direba tuƙi da baki. Yusha'u Bahago ba ya cikin ko ɗaya. Shi ɗaurin kaya yake yi. In leburori sun gama loda buhuna, shi zai hau ya rufa tampol, ya zaga da igiya, ya ƙulle. Shekara ashirin da bakwai ke nan, har tafin hannunsa ya koma kamar ƙasan takalmi.

Yana yaro an dake shi har ya koyi cin tuwo da dama, amma igiya ta ƙi jin bulala. Da hagu yake ƙulli, shi ya sa murɗinsa ke juyawa baya-baya, bakin igiyar ya shige sau biyu ya leƙo kamar kunnen zomo. 'Yan kasuwa suka saba: in mota ta iso da kunnen zomo, ba mai tsayawa ƙirga buhu, sai a sauke a zuba sito. Ba takarda, ba hatimi. Wannan ƙulli shi ne dukiyarsa. Bayan shi ba ya da komai sai keke marar birki da matarsa Mairo, wadda birkinta ya ishi gidan duka.

Mairo na da ƙane, Lukuman, direban babbar motar kaya da ake kira roka, mai 'ya'ya shida da tumbi na bakwai. Ƙanen mata abokin wasa ne, don haka ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Wata damina ruwa ya tsare su a rumfar mai shayi.

"Wanga ƙulli da kake wa yanga, Bahago, ko biri anka ba igiya sai ya yi shi," in ji Lukuman.

Yusha'u ya miƙa masa igiya. "Ga igiya, ga biri."

Kafin ruwa ya ɗauke Lukuman ya iya. Sai dai da dama ya yi, murɗin ya bi ta ɗaya gefen. Yusha'u ya ce zomon nasa baudaɗɗe ne, aka yi dariya, aka manta. Lukuman kaɗai ya taɓa koya wa ƙullin, kuma a kan kofin shayi.

Bayan shekara biyu, Alhaji Muhammad Sani, mai sayen wake a Tsafe yana ajiyewa a Bungudu, ya fara ganin sitonsa na ramewa. Ya zargi ɓeraye, ya sayi kyanwa. Ya zargi mai gadi, ya sake wani. Wata Talata da mota ta iso masa ya hana kowa taɓa igiya, ya buga waya Tsafe ya ce Yusha'u ya zo ya kwance da hannunsa.

Yusha'u ya isa bayan la'asar. Motar na tsaye ƙofar sito, mutane sun kewaye ta. Direban da ya kawo ta, Lukuman, yana zaune a kan tsohuwar taya yana latsa waya.

"Buhu ɗari biyu ka ɗaure da sahe, ko?" in ji Alhaji.

"Ɗari biyu, Alhaji."

"To duba da kyau. In ƙullinka ne, kuma munka iske giɓi, tun Tsafe anka cuce ni da saninka. In ba naka ba ne, kan hanya anka kwance, ga direba, ofishin 'yan sanda kuma ba nisa."

Yusha'u ya matsa. Kunnen zomo na nan, tsaf, har ya fi nasa kyau. Murɗin ya bi dama.

Ya jira ransa ya ɓaci, bai ɓaci ba. Ya jira tsoro, shi ma bai zo ba. Abin da ya gani kawai wata akuya ce a ƙarƙashin motar tana tsintar waken da ya zube. Ya tuna Mairo ta taɓa gaya masa ita ta goyi Lukuman bayan rasuwar innarsu, har ƙugunta na ciwo in an yi sanyi. Tunanin ya zo ya wuce kamar motar da ba tasa ba.

"Ƙullina ne," ya ce.

Ya kwance, aka ƙirga. Ɗari da tamanin da takwas.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Furfurarka ta cece ka, Malam. Ba ni kai ka ko'ina. Tahi."

Lukuman ne ya dawo da shi, don motar Tsafe za ta koma ba kaya. Ba wanda ya kira wani biri. Da suka shigo Gusau, wajen Sabon Gari, suka wuce wani shagon sayen hatsi mai jan ƙyaure, Lukuman ya kau da kai yana gyara madubin da ba abin da ya same shi. Yusha'u ya ga shagon, ya ga madubin, ya tambaya ko an yi magariba.

Labari ya riga shi isa tasha, waya ta fi roka gudu. Ba wanda ya zage shi, an dai daina kiransa. Yanzu kowace mota sai an ƙirga ta sau biyu, wajen lodi da wajen saukewa, masu benci sun sami abin yi. Shi kuwa ya koma bakin kasuwar dabbobi yana sayar da igiyar ɗaure raguna. In mai saye ya ce ya yi masa zarge, ya yi masa irin na kowa.

Mairo ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Ranar wata Juma'a ya dawo ya tarar ta dafa wake da manja.

"Ina kika samu wake cikin tsadar nan?"

"Lukuman ya aiko da kwano huɗu. Ya ce a gaishe ka."

Yusha'u ya wanke hannu, ya ja kwanon gabansa, ya yi bisimilla. Waken mai kyau ne, fari, ba ƙwaro ko ɗaya. Ya san shi, shi ya rufa masa tampol. Ya cinye, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.