Mantuwar Baba da Zargin da Muka Ɗora wa Baffa Iro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Audu, dillalin shanu a kasuwar Bakori. Mai yiwuwa tsawon lokaci ya dagula mini wasu abubuwa, don haka iya abin da na riƙe zan faɗa.

Baba ba ya sayen bijimi da bakin mai shi. Sai ya duba haƙora, ya shafa wuya, ya sa a zagaya da shi. "Na yarda shekararsa biyar, Alhaji," in ji shi, "amma jikin nan na mai takwas ne. Garma ta cinye shi."

Bai kai sittin ba mantuwa ta kama shi. Wata damina ya sake shuka masara a gonar da ya shuka kwana uku da suka wuce, daga baya har ya riƙa ɓata hanyar masallaci. Lokacin suna rikicin iyakar gona da ƙaninsa, Baffa Iro, sai gidanmu ya yanke cewa sammu ne Baffa ya yi masa. Ni ma, da digirina, ban musa ba. Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Dayi, har yau ba ma gaisawa.

Yanzu na karanta cewa masana kan ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'ura su ƙiyasta shekarunta, kuma idan ta girmi mai ita, haɗarin cutar mantuwa kan ƙaru. Ni ba likita ba ne. Iya fahimtata ƙiyasi ne, ba hukunci ba, kuma ba a taɓa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar Baba ba. Amma da yana raye, ina jin ba zai yi mamaki ba. Dariya zai yi, ya ce ashe likitoci ma sun koma dillanci.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Gadon da Baba ya bari shi ne a duba kafin a yanke, mu kuwa mun yanke ba mu duba ba.

A tunanina mantuwar ta riga rikicin gonar da damina guda, kuma idan haka ne, babu hannun Baffa a ciki. Duk wanda ya ci kasuwa da Baba a shekarun nan, don Allah ya rubuto ta wannan jarida ya gyara mini idan na kuskure. Sai dai ba zan jira amsa ba. Baffa ya tsufa, ranar Juma'a zan shiga motar Dayi.