Barkonon Inna a Rami na Bakwai

Ban taɓa mantawa da ranar da aka so rushe gidanmu saboda ƙwallon da bai kai ƙwan kaza ba. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku matso.

Kun dai san tsarin filin golf ɗin Turawa. Sabon yaro tsintar ƙwallo yake a ciyawa. In ya goge, a ba shi jakar sandunan bugu mai nauyin jaki biyu. A samanmu akwai kapita, shugaban masu jaka, wato Malam Garba, a samansa kuma Sakatare, Baturen da ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

Rami na bakwai yana bayan tudu, mai bugu ba ya hango tutar ramin. Da can wani rimi ake saitawa, a bayan shinge ta wajen unguwar Kokoro. Da unguwar Kilomita Biyar ta cika, gidaje suka matso, aka sare rimin. Wa ya yi gini a gurbinsa? Babana. Ya kuma rufa sabon kwano fil, wanda in hantsi ya dake shi, makaho ma sai ya kare ido. Turawa suka yi ta zuba ƙwallo a gonar rogo.

Wata Asabar kapita ya ja ni gefe.

"Sale, gobe Kumandan, babban sojan Turawa, zai buga. Sakatare ya ce in hasken nan ya dame shi, zai rubuta a ɗaga gidan. Kuma kun san ba ku da takardar fili."

Na sheƙa gida, na ce, "Baba, a lulluɓe kwanon da ciyawa."

"Kwanon da na yi shekaru ina buri? Tafi can, ɗan nema!"

Ina fitowa na tarar Inna na korar awaki daga barkonon da ta shanya a tsakar gida.

"Inna, akuya tana hawa rufi?"

"Sai dai irinka."

Ta dai gane. Kafin la'asar ta zaga maƙwabta, da Hausa da yaren Sango, ta tattaro barkonon unguwa kaf. Bayan sallar asuba na hau na shimfiɗa tabarmi a ɓangaren da ke kallon fili, na danne da duwatsu, na baza barkono. Atishawar da na yi, na rantse an ji ta a ƙetaren kogi.

Da hantsi muka iso rami na bakwai, ina ɗauke da jakar Kumandan, idona jawur. Kapita na gefe, Sakatare na biye da mu, alƙalami a aljihun gaba. Kumandan ya ɗaga kai.

"Ina bishiyar?"

"An sare, ranka ya daɗe."

"To me zan saita?"

Doka ita ce mai jaka ba ya ba da shawara sai an tambaya. To, an tambaya.

"Ga jan can. Ka ɗauki gefensa na hagu, iska daga kogi take."

Na miƙa masa sandar ƙarfe mai lamba biyar. Ya buga. Muka hau tudu. Ga ƙwallo taku uku daga tuta! Kapita ya cire hula ya mayar.

Sakatare ya yi gyaran murya. "Gidan nan ne na ce za a..."

"A bar shi," in ji Kumandan. "Jan nan ya fi bishiyar fitowa."

Alƙalami bai bar aljihu ba. Tun daga nan, duk safiya akwai barkono a rufinmu, kuma Baba yana gaya wa mutane a masallaci wai dabararsa ce.

Abin da na koya, filin nan bai ƙare a shinge ba. Bature na ganin ciyawa yake wasa a kai, alhali da rufin mutane da bishiyoyinsu yake auna bugunsa. Saboda haka in kun ɗauki jaka, ku riƙa ɗaga kai kuna duba abin da aka gina jiya. Wanda ya san unguwa shi ke buga wasan. Su dai sanda kawai suke riƙewa.