Jar Kazar Surukata

Da aka kawo ni unguwar Majidaɗi ina amarya, lokacin bai daɗe da aka mai da Jalingo babban birnin jiha ba, mahaifiyata ta ƙara mini da kaza ɗaya a cikin kaya, wake-wake mai gajerun ƙafafu. Ba a jima ba mahaifiyata ta rasu. Kazar ma ta tsufa ta mutu, amma ta cika mini tsakar gida da 'ya'ya da jikoki. Su nake kallo in tuna uwata.

Doka ɗaya ta bar mini: baƙuwar kaza sai ta yi mako a kife cikin kwando a bayan ɗaki, tana shan ruwan maɗaci, kafin ta haɗu da 'yan gida.

Ran nan sai ga surukata daga Mutum Biyu, da jar kaza a hammata, tsaraba. Kallo ɗaya na yi wa kazar na gane ba ta da lafiya. Ido a lumshe, fuka-fuki a sake, sai gyangyaɗi take da rana tsaka. Na lallaɓa na ɗauko kwando.

"Me za ki yi da wannan, 'yar nan?" in ji surukata.

"Inna, ta sha hanya ne, bari ta ɗan huta."

"A kulle kamar ɓarauniya? Kazata kike zargi ko gidan da ta fito?"

Na dubi maigida. Mutumin da kullum yake cika mana kunne da yadda ake tsoronsa a ofis, ranar sai ya duƙufa gyaran rediyon da lafiyarsa ƙalau. To ni wace ce? Na ajiye kwando, ja ta shiga cikin kajina.

Inna ta koma gida, kaji suka fara farin kashi. Babu abin da ban ɗura musu ba: barkono, tafarnuwa, har ƙwayar ja-da-yalo ta kemis. Ina! Suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda wuƙa ta riska muka ci, ina tauna ina haɗiyar baƙin ciki, maigida kuwa har da neman ƙari. Ta ƙarshe wake-wake ce, kakarta sak. Na shigar da ita ɗakina, na lulluɓe ta da tsohon zane. A hannuna ta mutu, kuma wallahi na yi kuka kamar ranar da aka fita da uwata.

Ja kuwa ta warke sarai. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ita ta gaji gidan. Ta cinye dusar kowa, ta goge baki, ta yi ɓul-ɓul.

Bayan sallah Inna ta dawo. Ta tsaya tana duban tsakar gida wayam, sai kazarta kaɗai tana tono.

"Kin gani ko? Iri na gari ke nan. Da ban kawo miki ita ba, da yanzu ko ɗaya ba ki da ita."

Na durƙusa har ƙasa na ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka."