Muttaka Ya Ce Bincike Yake Yi

Muttaka ɗan yayana Idrisu ne. Yana shekara goma sha huɗu 'yan bindiga suka ɗauke ubansa a gonar masara a Damari, har yau ko takalminsa ba mu gani ba. Wani yaron da adda zai nema. Shi kuwa littafi ya riƙe, wai sai ya gano abin da ke mayar da mutum haka.

Da ya shiga jami'a, uwarsa Ladi ta kasa faɗin sunan karatun. Ya ce mata, "Inna, ki ce ilimin sanin laifi da masu laifi." Ta ce, "Wannan ai a ƙofar gida ake koyonsa, sai ka je jami'a?"

A shekarar ƙarshe ya dawo Birnin Gwari da takardu hamsin, tambayoyi ne da zai yi wa manoma don aikin kammala digiri. Sau nawa aka kore ka daga gona? Wa ka kai wa ƙara? Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Bincike nake yi."

Na ja shi gefe. Na ce, "Kai, kana da hankali kuwa? A garin nan masu kaki ne ke bincike. Ka ce jarrabawa ce."

Ya yi dariya. "Goggo, haka sunan abin yake a makaranta. Ko sunan mutum ba na rubutawa."

"Naka sunan fa? Shi ai kowa ya san shi."

Kwana tara ya yi yana zagaye. A na goma aka tare motarsu a hanyar Damari, rana tsaka. Direban ya ce ba su taɓa kayan kowa ba. Tambaya ɗaya suka yi: "Wane ne mai binciken?" Muttaka ya sauko da kansa. Washegari aka kawo mana gawarsa.

Wani ne ya kai wannan kalmar daji, kuma na tabbata ya zauna a tabarmar gaisuwa ya shafa addu'a. Wasu har rage murya suke, "Ashe aikin gwamnati yake yi?" Aikin gwamnatin me? Yaron da ni ke ɗinke masa jaka idan ta yage.

Jakar ta dawo ta hannun direba. Takardu goma sha ɗaya kawai aka cike. Bayan addu'ar arba'in Ladi ta zaro guda wadda ba a taɓa ba, ta miƙo mini da biro.

"Zulaiha, ke kika yi boko. Karanta mini, in amsa. Kada aikinsa ya tsaya a sha ɗaya."

Na karanta, tana amsawa. Da muka zo kan "Wa ka kai wa ƙara?" ta ɗago kai ta dube ni.

"Sauran me suka ce?"

Na duba duka. Na ce, "Babu kowa."

Ta ce, "To, rubuta haka."